Gumbin Kure a Ƙarshen Jeri

Gumbin Kure,
6 ga Oktoba, 2009

Zuwa ga Malam Maccido,
Magatakardan Ƙungiyar Manoman Albasa ta Rassa Tara,
Jega Firchin.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, na rubuto maka da hannuna na ba Tamu direba, don daga yau ban ƙara yarda da saƙon da ba a iya riƙe shi a hannu ba.

Irinmu bai fito ba. Manoma goma sha bakwai a nan suka yafa irin nan mai jan gwangwani, ni ne na sha takwas. Kwana goma sha biyu muna ban ruwa, babu abin da ya tsiro sai ciyawa. Jiya na je Maiyama gaisuwar mutuwa, sai na ga takarda liƙe a ƙofar shagon ƙungiya mai kwanan wata 8 ga Satumba, tana cewa kada kowa ya yafa iri mai jan gwangwani, matacce ne. Na tambaya, aka ce ai kwamfuta ce ta fitar da ita tun cikin azumi. Jiga Birni sun samu. Ku ma a Jega kun samu. Rassa takwas sun samu, sai mu.

To, Malam, wa ke aika waɗannan takardu? Wasila. Ɗiyar ina ce? Aliero. Su wa za su ji daɗi in albasar Gumbin Kure ta makara da wata guda? Ba sai na rubuta ba. Tun ranar da masu aikin tallafi suka kawo mana na'urorin nan tara na ce ban gane yadda mutum ɗaya zai zauna a ɗaki ɗaya yana ba garuruwa tara umarni ba wanda ke ganin hannunsa. Kuka ce ni tsoho ne.

Abin da ya fi ci mini rai, ni ba mai son gaba ba ne. Rabon taki, ni ne na ƙarshe a layi. Rabon injin ban ruwa, haka. Ko ranar da muka je ofishin Aliero kafin azumi na ga Wasila ta sa Gumbin Kure a saman jerin garuruwa, ai kai ne shaida, cewa na yi shugaba ba ya sa garinsa gaba, na sa ka mai da shi ƙarshe da hannunka. Ga sakayyar tawali'u.

Na kira taron kwamiti ranar Asabar, 24 ga wanga wata. Zan nemi a sallame ta. Ka sa a ajanda.

Ka gaida Goggo da kyau.

Naka,
Alhaji Buba, Shugaba.

*

Jega Firchin,
8 ga Oktoba, 2009

Ranka ya daɗe Shugaba, taubashina,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, har da ɗigon man ja a kusurwa, wanda na ɗauka hatimin Tamu ne. Na yi baƙin cikin asarar iri ƙwarai, Allah ya mayar da alheri. Wannan ba da wasa nake faɗa ba. Saura kuwa ka san hali.

Na yi shekara talatin ina karantar da tarihi, kuma abin da na lura da shi shi ne duk garin da aka ci da yaƙi yakan ce maƙwabta ne suka yi masa makirci. In ka bi labarin a hankali sai ka tarar mai tsaron ƙofa ne ya tafi ganin kokawa. Saboda haka kafin mu rataye mutanen Aliero, ina so mu leƙa ƙofar gida.

Wa ke tsaron shagon ƙungiya a Gumbin Kure? Alu, surukinka. Ni da idona na ga wayoyi shida jere a kan teburinsa suna shan wutar solar ƙungiya kamar 'yan awaki a gindin uwa. Mutumin da zai ciyar da wayoyi shida, ka tabbata bai taɓa zare wayar kwamfuta ya ba su wuri ba? In na'ura tana kashe lokacin da saƙo ya zo, ai ko daga Makka aka aiko shi ba za ta karɓa ba. Ka tambaye shi, amma ba a gaban ɗiyarka ba.

Wasila kuwa ni na koya mata karatu tun tana aji uku. Ban ce hakan ya wanke ta ba, don na koya wa mutane da yawa karatu waɗanda yanzu ba na ba su ajiyar takalmi. Amma in makirci take so, me zai sa ta bar Maiyama da takardar a liƙe inda za ka gani? Mai makircin da ya bar shaida a bakin titi bai gama koyon sana'a ba.

Maganar tawali'unka kuma, ina tune da ita. Yaya zan manta, bayan ka tuna mini sau huɗu a hanyar komawa?

Na sa batun a ajanda kamar yadda ka umarta. Yau kuma zan rubuta mata, don ba a yanke wa mutum hukunci bai ji ƙarar ba.

Goggo tana amsawa, ta ce a gaida Hajiya.

Taubashinka,
Maccido.

*

Jega Firchin,
8 ga Oktoba, 2009

Ɗiyata Wasila,

Assalamu alaikum, da fatan kina lafiya, ya aiki, ya mutanen gida.

Ba zan yi kewaye ba. Gargaɗin iri na 8 ga Satumba bai isa Gumbin Kure ba, irinsu ya mutu a ƙasa, kuma Shugaba ya ɗora laifin a kanki. Ranar 24 zai nemi kwamiti ya sallame ki, bisa zargin kin hana su da gangan don amfanin garinku. Ba aikin kaɗai ke cikin haɗari ba. In aka kore ki da wannan suna, babu ofishin da zai ƙara ba ki makulli daga nan har Birnin Kabi.

Ni na fi zargin Alu da kashe na'ura. Amma zargi ba hujja ba ne, kuma ni ne zan karanta wa kwamiti bayaninki. Ki rubuto mini yadda abin nan naki yake aiki, da Hausar da tsohon malamin tarihi zai gane. In kuma akwai wani abu da ya kamata in ji daga bakinki kafin in ji shi daga wani, yanzu ne lokacinsa.

Malaminki,
Maccido.

*

Aliero,
12 ga Oktoba, 2009

Zuwa ga Baba Malam,

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaisuwa da ladabi, da fatan Baba da Goggo suna lafiya. Na ga takarda. Jimlar ƙarshe ta yi mini zafi, amma na gode da ba a ɓoye mini ba.

Ga yadda aikin yake. Da farko ina shiga na'urorin rassa ɗaya bayan ɗaya daga nan ofis, in kwafa takarda, in ce ta buga. Yana cin mini rabin yini. Sai na rubuta umarnin duka a fayil ɗaya, na sa masa suna Ɗan Aike. Akwai wani fayil kuma mai jerin sunayen rassa tara, kowane a layinsa. In na tashe shi, Ɗan Aike yakan karanta suna na farko, ya shiga na'urar wannan gari, ya ajiye takarda, ya ce wa firinta ta buga, ya sauko suna na biyu, har ƙarshe. Sannan ya rubuta mini “An gama.” Ranar 8 ga Satumba ya rubuta mini “An gama.” Na kashe na tafi gida.

Baba, Alu ba shi da laifi. Na shiga na'urarsa kai tsaye na tambaye ta rabonta da a kashe ta, ta ce kwana saba'in da ɗaya. Wayoyin nan a wani soket yake sa su. Na'urar lafiya lau take, ba a dai kai mata komai ba. Ba ma takarda ɗaya ba, uku ne suka wuce ta. Da yake ba kullum ake aika sanarwa ba, Alu ya ɗauka babu labari ne.

Yanzu ga abin da ke damuna. Jerin ba yadda na bar shi yake ba. Ni Gumbin Kure na sa farko, don layinsu ya fi kowa rauni, sai da safe yake kamawa. Yanzu yana ƙarshe. Kwamfuta tana ajiye ranar da aka taɓa kowane fayil, kuma ta ce an taɓa wannan ranar Talata, 18 ga Agusta, da ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na safe. A ranar ina Birnin Kabi sayen modam na haɗa intanet, tikitin mota yana jakata. Daga wannan rana babu takardar da ta ƙara zuwa Gumbin Kure.

Ban gane dalili ba tukuna, don sunan yana nan, harafi bai ɓace ba. Na ƙi taɓa fayil ɗin don kada a ce na goge shaida. Amma wani ya shiga ofishina ba na nan, ya yi wa jerin wani abu da idona bai gani ba.

Makullin ofis biyu ne. Ɗaya yana wuyana. Mutum ɗaya kuma na taɓa nuna wa yadda ake buɗe jerin, don ko za a ƙara reshe ba na nan. Ba na son in rubuta sunan, Baba. In akwai wani abu da ya kamata in ji daga bakin Baba kafin ranar 24, yanzu ne lokacinsa.

A gafarce ni in na yi rashin kunya.

Ɗiyarka,
Wasila.

*

Gumbin Kure,
15 ga Oktoba, 2009

Malam Maccido,

Salamu alaikum. Gaisuwa.

Na tsare Alu kamar yadda ka ce, har ya rantse, ɗiyata kuma ta daina kawo mini fura. Ga abin da shawararka ta haifa.

Ranar Litinin da hantsi muna zaune a shago, babu wanda ya taɓa na'urar, sai ta fara ƙyafta fitila da kanta. Alu ya ce daga Aliero ake shiga. To mi take nema a ciki yanzu, bayan ɓarna ta auku? In ba share sawu ba, mi ne ne?

Kuma na lura tun da na kai ƙara kai kake kare ta. Mako guda ka yi shiru. Tamu ya ce ya kai takardarka Aliero, ya kawo maka amsa, amma ni ban ga ko layi ɗaya ba. Albasar Jega ma ai kasuwa ɗaya take zuwa da tamu, ban manta ba. Ban ce komai ba, ina dai kallo.

Mutanena sun ce in ba a sallame ta ba za su fita daga ƙungiya. Na ce su saurara har Asabar ta sama.

Alhaji Buba, Shugaba.

*

Jega Firchin,
19 ga Oktoba, 2009

Ranka ya daɗe Shugaba,

Wa alaikumus salam. Ka zauna kafin ka karanta wannan, kuma ka karanta kai kaɗai.

Ka yi gaskiya, na yi shiru. Amsar Wasila ta kwana huɗu a aljihuna, ina fitar da ita ina mayarwa. Ta gano an taɓa jerin garuruwa ranar 18 ga Agusta tana Birnin Kabi, kuma daga ranar saƙonku ya yanke. Ta zarge ni, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo. Na kwana huɗu ina gaya wa kaina abu biyun ba su da alaƙa, kamar yadda mai ciwon haƙori yake gaya wa kansa sanyi ne. Ranar Asabar na hau mota na tafi Aliero.

Na same ta a ofis. Ta gaishe ni har ƙasa, ba ta ba ni kujera ba.

Na ce, “Ni ne na taɓa jerin.”

Ta ce, “Na sani, Baba. Dalili nake jira.”

Ban ambaci sunanka ba. Na ce na ga bai dace garin shugaba ya zama farko ba. Ta dube ni irin kallon da nake yi mata in ta ce akuya ta cinye littafinta. Sai ta kwafi jerin zuwa wani fayil na gwaji, ta mai da Gumbin Kure sama, ta tashi daga kujera.

Ta ce, “Baba ya yi daidai yadda ya yi ran nan. Kada ya gyara komai don ina kallo.”

Na zauna. Na goge sunan daga sama, na sauka ƙasa, na buga shi da yatsa ɗaya, harafi harafi, kamar kaza tana tsince gero. Na ajiye fayil. Na naɗe hannu.

Ta ce, “Shi ke nan?”

Na ce, “Shi ke nan.”

“Baba bai danna Enta ba?”

Enta shi ne babban maɓallin nan na dama wanda ke saukar da rubutu zuwa sabon layi. Na ce, “In danna in sauka ina? Ai babu sauran suna.”

Ta ce in matsa. Ta tura Ɗan Aikenta da jerin da na buga, wannan karon ba takarda ya kai ba, cewa ta yi kowace na'ura ta faɗi sunanta. Muna kallo suna amsawa, Jega, Jiga Birni, Maiyama, har takwas. Sai ya rubuta “An gama.” Ta koma ƙarshen jerin, ta danna Enta sau ɗaya, ba ta ƙara ko ɗigo ba, ta sake tura shi. Takwas suka amsa. Aka ɗan jira. Sai ga Gumbin Kure.

Bayanin shi ne, Ɗan Aike ba ya ɗaukar suna a matsayin cikakke sai an rufe layinsa. In ya zo suna na ƙarshe ya tarar ba a rufe ba, sai ya ɗauka takarda ta ƙare a tsakiyar magana, ya yar da shi ya dawo gida. Wata biyu yana zuwa har bakin sunanku yana juyawa.

Na ce mata, “To ai kin wanku.”

Ta ce, “Ban wanku duka ba. Ni na rubuta shi ya ce an gama ba tare da ya ƙirga wa ya amsa ba. Da na sa shi ƙirga, da tun ranar farko ya ce mini takwas cikin tara. Wannan nawa ne, kuma zan faɗa wa kwamiti da bakina.” A gabana ta gyara shi. Yanzu in reshe ɗaya bai amsa ba, sunansa yakan fito da manyan haruffa ya ƙi gushewa. Sannan ta ba ni kujera, ta aika a kawo mini ruwa. Da zan tafi ta ce, “Baba, makullin.” Na ba ta.

Fitilar da ka ga tana ƙyaftawa kuwa, Wasila ce ta shiga tana wanke surukinka, don na'urar ta shaida ba a kashe ta ba. Ka nemi gafararsa ko furarka ta dawo.

Yanzu ga inda muke, taubashi. Yatsa nawa ne, umarni naka ne. Ranar Asabar zan tashi in faɗi nawa. Na yi niyyar in tsaya nan, in ɗauki duka, don ni ba ni da mutum goma sha bakwai da za su tare ni a ƙofar masallaci. Har na fara tsara kalmomin, sai na tuna wani abu. Tamu ya ce babu wanda ya taɓa shiga motarsa tare da kai tun watan Agusta bai ji labarin yadda ka sa aka mai da garinka ƙarshe ba. Liman ya ji. Mai shayi ya ji. Su goma sha bakwai ɗin nan sun ji, wasunsu sau uku. Da zarar na ce “18 ga Agusta” da “ƙarshen jeri,” ba sai na ƙara ba. Da ka yi tawali'un a ɓoye, da yau na iya ɓoye ka.

Hanya ɗaya ce za ta rufe wannan magana, ita ce mu biyu mu yi shiru, a kore ta. Kwamiti ba zai gane Enta ba, zai gane Aliero. Ina gaya maka tun yanzu ni ba zan bi wannan hanya ba. Amma kai ne shugaba, ajanda taka ce, kuma batun sallamarta yana nan a lamba ta ɗaya da rubutun hannuna. Ka gaya mini in bar shi ko in soke.

Wani abu kuma. Mutanen Aliero ɗin nan masu makirci sun ce suna da rarar dashe a lambunansu, wanda zai isa gona goma ko fiye, in kuna so. Wasila ce ta bi su gida gida tun kafin in je. Ban san yadda za ka fassara wannan ba, amma na san ba ka rasa fassara.

Goggo tana gaida Hajiya.

Taubashinka a laifi,
Maccido.

*

Gumbin Kure,
22 ga Oktoba, 2009

Malam Maccido,

Wa alaikumus salam. Na karanta ni kaɗai, sau uku.

Ka soke lamba ta ɗaya. Jiya bayan la'asar na tsayar da mutanena na faɗa musu. Biyu sun daina gaishe ni, liman ya yi dariya har ya zauna. Alu ya yafe, fura ba ta dawo ba tukuna.

Dashen muna so. Tamu zai je Aliero ɗauka gobe. Ka ce wa Wasila ta sa Gumbin Kure inda aikinta ya ga dama, kuma kada ta mayar maka da makulli.

Ranar Asabar ka ce za ka tashi ka faɗi naka, ita ma za ta faɗi nata. Ku jira. Ni zan fara magana. Wanga karo ban yarda a sa ni ƙarshe ba.

Naka,
Buba.